Allura ko tiyo idan huhu ya sace?

Haka kawai iska kan ɓulle daga huhu ta taru a ƙirji, huhun ya sace kamar tayar mashin, sai ciwo gefe ɗaya farat ɗaya, numfashi sama-sama. Ya fi kama samari dogaye sirara masu shan taba, ga kuma masu tibi, wato tarin fuka, da muke da su nan Gombe.

Zuƙe iskar da allura ya fi sauƙi, wani a ranar yake komawa gida. Tiyo kuwa, wanda ake sakawa a ƙirji ya riƙa fitar da iskar, sai an kwanta asibiti kwanaki, ga zafi ga kwalbar ruwan da ake haɗa shi da ita gefen gado, amma wallahi in dama tibi ya taɓa huhun ni tiyon na fi yarda da shi, don iskar takan ci gaba da yoyo.