Yashica Mat-124G: kyamarar da ke sa ka sunkuyar da kai

Hotunan Rineke Dijkstra ne suka kai ni ga wannan kyamara. 'Yar ƙasar Holan ce, an haife ta a 1959. Tun 1992 ta shiga bin bakin teku, daga Amurka har Yukren, tana tsayar da matasa a gaban ruwa tana ɗaukarsu. Babu murmushin dole a hotunan, babu kwalliya, sai kafaɗa a karkace da hannun da ya rasa inda zai sa kansa. A ganina sirrin yana cikin jinkiri. Da ƙatuwar kyamara mai ƙafa uku take aiki, mai cin fim inci 4 da 5, kafin ta gama saiti mutum ya gaji da gyara fuska. A 2017 aka ba ta lambar yabo ta Hasselblad, wadda ake ba gwanayen ɗaukar hoto.

Ni kam bayana ba zai ɗauki wannan kaya ba. Sai na sayi Yashica Mat-124G ta hannu, ƙirar Japan, wadda aka yi daga 1970 zuwa 1986. Ido biyu gare ta, na sama na leƙe, na ƙasa na ɗauka, mai milimita 80, wato ba ya jawo abu kusa, ba ya kuma nesanta shi. Fim ɗin naɗi mai lamba 120 take ci, hoto 12 kacal, kowanne santimita 6 da 6.

Abin da ya sa na ƙi rabuwa da ita shi ne yadda ake riƙe ta. A kan ciki ake dafe ta, a leƙa ta sama. Ba ka nuna mutum da ita kamar bindiga, kanka a sunkuye yake kamar mai gaisuwa. Wani dattijo mai gyaran agogo da na ɗauka, da farko ya sandare kamar za a yi masa hoton fasfo. Ina ta murɗa saiti, ya zaci ban shirya ba, ya mai da gilashinsa goshi, ya sauke ajiyar zuciya yana kallon teburinsa. Nan na latsa. Ƙarar ba ta fi ta ƙyas ɗin biro ba, bai ma ji ba.

Tana da nata halin fa. Hoton da kake gani a gilashin leƙe na sama a juye yake, dama ta koma hagu; na yi mako biyu ina karkata inda bai kamata ba. Ba ta saita abin da ya gaza mita ɗaya kusa, don haka manta da cika hoto da ido da hanci. Ma'aunin haskenta da batirin makuri, wato zaiba, aka ƙera shi, wanda an daina yi, ni da wayata nake aunawa. Mai son kama yara a guje ya nemi wata.

Daga naɗin fim na farko hoto uku na tsira da su. Na mai agogon yana rataye a ɗakina, ana iya ƙirga zaren da ya warware a bakin hannun rigarsa.