DDJ-FLX4 a hannun mai shirin rediyon intanet: tana aiki, in ka kashe wayonta

Duk wanda ya saba sauraron tashoshin rediyon intanet masu cin gashin kansu, irin su NTS da Femi Adeyemi ya kafa a unguwar Dalston ta Landan a 2011, ko dublab ta Los Angeles da ke aiki tun 1999, ko The Lot Radio da ke watsa shiri daga cikin kwantena a Brooklyn, ya san ba kowane shiri ake yi a situdiyo ba. Da yawa a ɗaki ake haɗa su, a naɗa, a tura wa tasha fayil na awa ɗaya ko biyu. Na'urar da sabon shiga ya fi cin karo da ita in ya fita neman kayan aiki ita ce DDJ-FLX4 ta Pioneer DJ, wadda ta fito a Nuwamban 2022 a kan dala 299, ta gaji DDJ-400. Abin dubawa shi ne ko za ta iya da irin kiɗan da waɗannan tashoshi suka dogara da shi: gqom na Durban, singeli na Dar es Salaam, footwork na Chicago, batida na Lisbon, da sautukan gwaji waɗanda ko bugu ba su da shi. Za ta iya. Sai dai kusan duk dabarun da ake tallata ta da su sai an kashe su tukuna.

Jikinta na roba ne, nauyinta kilo 2.1, faɗinta bai kai rabin mita ba, don haka tana shiga jakar baya tare da kwamfuta. Layi biyu gare ta, kowanne da faifan juyawa, da maɓallai takwas na roba, da abin murɗa Trim mai saita ƙarar waƙar da ke shigowa, da uku na daidaita amo: na sama, na tsakiya, na ƙasa. An jera maɓallan yadda suke a CDJ, manyan na'urorin kunna waƙa na DJ da ake samu a situdiyon tashoshi, kuma wannan shi ne babban dalilin sayenta, domin ranar da aka gayyace ka ka yi shiri kai tsaye hannunka ba zai yi baƙunta ba. Ita kanta ba ta kunna komai. Babu ramin filasha, duk haɗin a cikin manhaja ake yin sa, irin su rekordbox ko Serato DJ Lite, kuma in kwamfuta ta daskare shiru za a ji.

A ramukan jona wayoyi na bayanta ne ƙarancinta yake. Mafitar sauti zuwa sifika ɗaya ce, ta RCA irin ta kayan sautin gida, babu XLR irin ta situdiyo, babu mafitar sifikar da DJ ke saurare daban. Abin da ya fi ciwo ga wannan fanni shi ne babu mashigar sauti daga waje, in ban da ta makirufo. Ba za ka jona garmaho ba, ba za ka jona na'urar kaset ba, alhali kaso mai yawa na kiɗan gwaji a kaset da faifai yake fitowa. Mai irin wannan tari sai ya fara juye su zuwa kwamfuta da wata na'urar sauti daban.

Ainihin rigimar a lissafin bugu take. Idan ka zuba waƙa a rekordbox, manhajar tana auna yawan bugunta a minti ɗaya, ta shimfiɗa layukan awo a kanta, ta sa jan layi a inda take zaton nan ne farkon zagaye. Beat Sync, mai haɗa bugun waƙoƙi biyu da kansa, da maimaita gaɓa da yawancin kwalliyar sauti duk a kan waɗannan layuka suke tafiya. A kiɗan house da techno, inda babbar ganga ke sauka a kowane bugu, da wuya ta yi kuskure. Gqom kuwa gangarsa a karye take, tana tsallake bugu ta faɗo a tsakani, sai manhajar ta sami saurin daidai, wajen 126, amma ta ajiye jan layin a gurbin da ba nasa ba. A allo komai zai yi kyau, a kunne kuwa waƙoƙin biyu tuntuɓe suke yi da juna. Footwork, mai gudun 160, sau da yawa 80 ake karanta shi. Singeli ya zarce 200, wani ma yana dosar 300, kuma iyakar awon da manhajar ke zuwa da ita 70 zuwa 180 ce, saboda haka waƙar 240 sai ta fito a 120.

Gyaran ba wuya gare shi ba, lokaci yake ci. Kafin ka zuba tarin waƙoƙi masu gudu, shiga saitin bincike ka canja iyakar zuwa 98 zuwa 195 don footwork da jungle, ko 118 zuwa 236 don abin da ya fi su. Kada ka zuba komai a tashi ɗaya, raba su rukuni-rukuni gwargwadon gudunsu. Bayan haka buɗe kowace waƙa a sashen GRID. In lambar rabi ce ko ninki, akwai maɓallin ninkawa da na rabawa. Nemo bugun farko na gaskiya da kunne, ka dasa jan layin a kansa, ka kunna ƙwanƙwasar awo ka saurara, sannan ka tsallaka zuwa ƙarshen waƙar ka ga ko layukan sun zame. Idan sun zame, ko dai lambar ta kauce da ɗan kaɗan, ko kuma waƙar ce ba ta tsaya a gudu ɗaya ba. Wannan na biyun shi ne halin duk kiɗan da mutane suka buga da hannu, da duk abin da aka juyo daga kaset, domin injin kaset ba ya juyawa daidai wa daida. Irin waɗannan a sake auna su da tsarin Dynamic maimakon Normal. In ka gama, danna kwaɗon da ke gefen waƙar, don kada wani sabon bincike ya share maka wahalarka. Shirin awa ɗaya yakan ci waƙa goma sha biyar zuwa ashirin da biyar, to ka ware wa wannan aiki zama guda.

Smart Fader, wanda shi ne abin alfaharin kamfanin a wannan na'ura, yana daidaita gudu da ƙarar sauti da amon ƙasa da kansa yayin da kake jan feda, wato maɓallin da ake zamewa, daga waƙa zuwa waƙa. Ga mai kiɗan pop a wurin shagali abin taimako ne. A nan kuwa makaho ne ke jan makaho: ya dogara da layukan da muka ga suna kuskure, kuma yana rage amon ƙasa a lokacin da ya ga dama. A amapiano, inda log drum, gangar nan mai kaurin amon ƙasa, shi ne waƙar, rage shi ba tare da shawararka ba ɓarna ce. Smart CFX ma haka, yana tara kwalliya iri-iri a murɗi ɗaya, yana da daɗi a minti biyar na farko, daga nan duk shirin da aka yi da shi sai ya yi kama da ɗan'uwansa. A bar abin murɗin a matsayin matatar sauti kawai, ya wadatar.

Akwai haɗin da Beat Sync ba zai taɓa ganewa ba, kuma irinsa ne ke bambanta shirin rediyo mai kyau da jerin waƙoƙi. Bugu uku na waƙar 120 daƙiƙa ɗaya da rabi suke ci, bugu huɗu na waƙar 160 ma haka. Ke nan ana iya ɗora footwork a kan house ba tare da an taɓa gudun kowannensu ba, su riƙa haɗuwa a kowace daƙiƙa ɗaya da rabi. Sai an kashe Sync da Quantize, mai jan duk abin da ka danna ya faɗa a kan layin awo, a saki waƙar da hannu, a riƙa tura gefen faifan a hankali. Faifan FLX4 ƙarami ne kuma ba shi da nauyi, ɗan taɓi yana motsa shi, amma hannu yana sabawa.

Fedar gudu gajeriya ce, kuma wannan aibi ne na gaske. Zangonta huɗu ne: kashi 6, 10, 16 cikin ɗari, da WIDE, ana sauya su da SHIFT haɗe da BEAT SYNC. A kashi 6, waƙar 126 tana yawo tsakanin 118 da 134, kuma ana iya saita ta da kyau. Daga amapiano mai 113 zuwa gqom mai 126 kuwa ana bukatar kashi 11.5, dole a koma zangon 16, inda ɗan motsin yatsa ke tsallake lambar da kake nema. A WIDE ba a ma maganar daidaito. Ga kuma Master Tempo, mai riƙe murya kada ta sirance ko ta yi kauri idan an canja gudu. In canjin ya yi nisa, yana sa ganga ta yi laushi, murya ta riƙa rawa kamar ana magana ta bayan fanka. Kiɗan da ganga ce zallarsa ya fi kyau a kashe masa shi, a bar amon ya tashi ko ya sauka tare da gudun. Masu cumbia rebajada na Monterrey a Meziko da gangan suke rage gudu don muryar ta yi nauyi, kuma da Master Tempo a kunne wannan armashin ba zai fito ba.

Sautin gwaji marar bugu shi ne ya fi sauƙi a kanta. A manta da lambar da manhaja ta ba shi, ƙirƙirarta ta yi. A sa alamar Hot Cue, wadda ake tsallakawa zuwa gare ta da danna maɓalli, a inda sautin ya fara cika da inda ya fara janyewa, a shigo da shi da fedar layi sannu a hankali cikin daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya. Abin kula shi ne ƙara: naɗin sautin daji ko na titi yakan yi ƙasa ƙwarai da waƙar rawa, sai an ɗaga Trim tun a hedifon kafin a sake shi. A saitin rekordbox kuma a mayar da masu daidaita amo daga EQ zuwa ISOLATOR, yadda murɗawa zuwa ƙarshe zai kashe amon ɗungurungum. Da haka ake ɗora saman wata waƙa a kan gangar wata ba tare da sun caɓe ba.

Wajen naɗi, rekordbox tana ajiye shiri a WAV, kuma awa ɗaya a 16-bit da 44.1 kHz tana cin wajen megabait 635. In tasha MP3 mai 320 take so, awar ba ta wuce megabait 144 ba. A naɗa da sauran fili, kololuwar sauti a wajen -6 dB, daga baya a ɗaga shi zuwa -1 a Audacity, manhajar gyaran sauti. Sautin da ya kai jar alama a ma'aunin ƙara ya fashe ba shi da magani. Wani tarko kuma: manhajar ba ta yarda a naɗa waƙoƙin da ake jawowa kai tsaye daga Beatport ko SoundCloud ko TIDAL ba. Sai fayil na kanka. Da yawa daga wannan kiɗa dama a shafin sayar da waƙoƙi na Bandcamp yake, wurin kamfanoni irin su Nyege Nyege Tapes na Kampala da Príncipe na Lisbon. In za ka sauke, ɗauki AIFF ko FLAC, domin suna riƙe sunan mawaƙi da na waƙa, WAV kuwa yakan zo tsirara. Za ka gode wa kanka lokacin da tasha ta nemi jerin waƙoƙi, wanda sashen History ke ajiyewa da kansa.

Makirufo yana shiga ta rami mai milimita 6.35, kuma na'urar ba ta ba shi wuta, don haka irin na situdiyo mai bukatar volt 48 ba zai yi ba. Irin su Shure SM58 ne daidai, da wayar XLR zuwa jak wadda ba ta wuce mita uku ba, don doguwa tana kwaso hayaniya. An yi abin kirki a nan, murya tana bin USB ta koma kwamfuta tare da kiɗa, abin da DDJ-400 ba ta yi. Amma a jikin na'urar murɗin ƙara kaɗai aka ba ta. Ga shirin da ba kai tsaye ba, ya fi tsabta a naɗa magana daban, a ɗora ta a Audacity, a bar Auto Duck ya riƙa sassauta kiɗan a ƙarƙashinta.

Matsaloli biyu ne suka fi yawan tasowa, kuma duka ba laifin na'urar ba ne kai tsaye. Na farko gunjin da ke fita a sifika idan kwamfuta tana caji. Zare cajar, in ya ɗauke to bambancin ƙasan wuta ne, wato ground loop, tsakanin kwamfuta da sifika, kuma wayar RCA ba ta iya tace shi. A jona su duka a soket ɗaya, ko a sa ƙaramin abin raba ƙasa, ground loop isolator, a kan wayar. Na biyu ƙas-ƙas da yankewar sauti, alamar ma'ajin sauti, wato buffer a saitin manhaja, ya yi wa kwamfutar ƙanƙanta. A 256 jinkirin bai kai daƙiƙa 0.006 ba, a 512 ya ninka, kuma mai haɗa shirin rediyo ba zai ji bambancin ba, to a ɗaga shi zuwa 512, a kashe tsarin tattalin batir, a rufe burauza. Mai son watsawa kai tsaye zuwa sabar Icecast, wadda ƙananan tashoshi da yawa ke amfani da ita, zai bukaci wata manhaja kamar BUTT a gefe, ko ya koma Mixxx, wadda kyauta ce, tana gane FLX4, kuma tana watsawa da kanta.

Wanda kiɗansa duk fayil ne, kuma layi biyu sun ishe shi, zai yi shekaru da ita bai ji ta matse shi ba. Mai faifai da kaset, ko mai son shimfiɗa sauti uku ko huɗu a kan juna kamar yadda masu kiɗan gwaji ke yi, gara ya tara kuɗinsa ya nemi mahaɗa mai mashigar garmaho da layi huɗu.