Yaya, ga labarin kyandir daga Agege

Assalamu alaikum Yaya. Ina fatan kuna lafiya, ya ƙafar Inna, ya yara da karatu. Saƙon muryar da kika turo daren Juma'a sau uku na saurare shi. Kin ce tunda Auta ta ga hotunan kyandirorina a waya ta hana ki sakat, wai ita ma sai ta fara, kuma kina so in faɗa miki tsakani da Allah ko abin zai yiwu a Kano ko kuwa sana'ar mutanen Ikko ce. Maganar ta fi ƙarfin saƙon murya, shi ya sa na bari sai da yara suka yi barci na zauna na rubuto.

Ki fara cire kyandir ɗin shagon unguwa daga ranki, wanda muke aiken yaro ya sayo idan an ɗauke wuta. Wancan da farafin ake yin sa, daga ɗanyen man fetur. Nawa kakin waken suya ne, waken nan dai da Inna take jiƙawa ta yi mana awara. Mansa ake matsewa, a sarrafa shi a masana'anta da iskar haidurojin har ya daskare, sai ya zo miki ɓarɓashi fari tas kamar an kankare sabulu. A Amurka aka fara yin kyandir da shi a shekarun 1990. Yana ci a hankali, kuma idan ya zube a tebur ruwan zafi da sabulu sun isa. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, kin san yadda ake jibge buhunan waken suya a Dawanau, ga na Kaduna ga na Binuwai, amma duk kwalin kakin da na taɓa saya a garin nan daga waje aka shigo da shi. Saboda haka dala ce ke yanka masa farashi. Kafin a saki naira a watan Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haye 1,500. A waɗancan watannin na kusa tattara tukwanena in haƙura, don ribar da na ci a kyandir ba ta iya sayo mini kakin da zan sake yin irinsa.

Wajen samun kaya kuwa, gaskiya ɗaya ce, Legas ta fi Kano nesa ba kusa ba. Akwai kasuwar kayan haɗe-haɗe a Ojota, inda masu yin sabulu da man shafawa suke sayayya. Ranar da na fara zuwa, wata maƙwabciyata Bayerabiya ce ta raka ni. Shago ne ɗan ƙarami, da ƙyar mutum biyu za su juya a ciki, amma jarkoki tun daga ƙasa har rufi, kowace da sunanta a jiki. Matar mai shagon ba ta ce in zauna ba, ba ta tambayi mutanen gida ba. Ta dai ce me zan yi da man ƙamshin, na ce kyandir, sai ta ture kwalaben da na nuna gefe ta ce waɗannan na jiki ne, ta miƙa hannu can sama ta sauko da wasu. Ta tsoma 'yar siririyar takarda ta miƙo mini in shinshina, ta ɗora roba a sikeli ta auna mini giram 100 cif, ta rubuta rasit. Kafin in gama ɗaure bakin leda ta juya ga wanda ke bayana. A rana ɗaya na samu kaki, lagwani mai lamba-lamba gwargwadon faɗin kofi, 'yan ƙarafunan da ke riƙe gindinsa, da ma'aunin zafi. Kofunan gilas masu murfi kuma ta waya na yi oda, washegari suka iso.

Amma ina tafe a danfo, bas ɗin haya na nan, ina tuna ranar da na raka ki sayen kayan humra a kasuwar Kurmi. Alhaji ya sa aka jawo mana benci, aka kawo ruwa, ya tambayi Inna, kuɗinki bai cika ba ya ce ɗauki ki tafi, in kin sayar kya kawo. Shekarata huɗu ina sayayya wajen matar nan ta Ojota, ba ta taɓa tauye mini ko giram ɗaya ba, ba ta kuma taɓa ɗaga mini ƙafa ko na naira ɗari ba. Sai ta ga alat a wayarta kaya ke barin shago. Ban ga laifinta ba, kuɗin hayar shago a nan ba ya jiran kowa. Sai dai mai ƙaramin jari irin Auta ta fi samun inda za ta dafa a gida.

Yanzu maganar mai, wadda ita ce zuciyar sana'ar. Kin tuna kwalbar turaren da kika ba ni da na zo bikin 'yar Kawu? Da ita na yi gwajina na farko, tun kafin in san Ojota. Na narka kaki, na tuttula turaren, na juya, na zuba a kofuna shida na jera a kan tire. Da safe na tarar saman kowanne ya yi gumi, ɗigo-ɗigo kamar raɓa, da na ɗaga kofi a hasken taga sai ga mai ya kwanta a gindi, kaki daban shi daban. Na kunna ɗaya, lagwani ya riƙa tartsatsi, ƙamshin kuma bai wuce bakin kofi ba. Raina ya ɓaci ƙwarai, don turaren mai tsada ne kuma daga hannunki ya fito. Daga baya na gane dalili. Yawancin turaren jiki an sirka shi da wani abu da ba ya haɗuwa da kaki, wani ma da sinadarin da ke kama wuta nan take. Humra kuwa kada ma Auta ta gwada zuba ta a ciki. Man kyandir daban ake yin sa don ya narke cikin kaki ya jure zafi.

Sannan a nan ba a aiki da ido da ɗan cokali yadda kike haɗa turaren wuta. Ke hannunki ya san gwargwado, kaki kuwa sai sikeli. Ni ina zuba mai kashi 8 cikin 100 na nauyin kakin, wato kaki giram 200 mai giram 16. In kika zarce kashi 10 yawanci sai ya tofar da shi. Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan wuta, ruwa ake tafasawa a babbar tukunya a saka ƙaramar a ciki. Idan ya kai wajen digiri 85 sai in sauke in zuba mai, in juya a hankali na minti biyu, in jira ya sauko ƙasa da 60 kafin in zuba a kofi. Bayan nan sai haƙuri, a rufe a ajiye sati ɗaya zuwa biyu kafin ƙamshin ya kama sosai. Wannan jiran shi ya fi kayar da masu farawa, don kuɗi a kwance suke, mai saye kuma yana ta kira.

Yanayi ma sai an yi lissafi da shi, kuma a nan ne na fi ji wa Auta. Kakin da nake amfani da shi ƙasa da digiri 50 yake fara narkewa. Legas akwai gumi da laima, har sitika takan ɗago daga jikin gilas lokacin damina, amma zafin bai cika wuce talatin da 'yan kai ba. Kano fa, a watan Afrilu da Mayu kin san ana haye 40, balle ɗakin da ke ƙarƙashin kwano. Kyandir zai yi laushi, ya yi gumi, lagwani ya karkace. Da hunturu kuma sanyin asuba zai sa ya daskare da gaggawa, samansa ya yi fari-fari ko ya tsage. Akwai kaki gauraye, wanda aka sirka da kakin zuma ko farafin don ya ƙara tauri. Shi nake ganin zai fi dacewa da ku, kuma kakin zuma kun fi mu samunsa da arha, wajen masu sayar da zuma.

Kai kaya ga mai saye wani abu ne da na yaba a nan, na kuma sha wuya da shi. Tun da aka hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi a 2022, abin da ya taɓa 'yan uwanmu da yawa, masu babur ɗin aike da akwati a baya su ne suka rage a manyan hanyoyi. Daga waya za ki kira, ya zo ƙofar gida ya karɓa, kina ganin inda ya kai har ya isa Lekki. Sai dai kuɗin aiken wani lokaci ya kusa kuɗin kyandir ɗin. Akwai ranar da na ba wani mai babur guda goma sha biyu na kayan rabon biki da ƙarfe goma na safe, bai kai ba sai bayan la'asar, ya biya wasu wurare da akwati a rana. Matar da ta yi odar ta turo mini hoto: duk sun narke ta gefe ɗaya sun sake daskarewa a karkace, lagwani ya kwanta a jikin gilas. Na mayar mata da kuɗinta ban ce komai ba. Tun daga ranar ba na sakin kaya sai da sassafe, kuma ina naɗe kowane kofi da takarda in tsayar da shi a kwali mai ɗaki-ɗaki. Jirgin ƙasan da ya fara ɗaukar fasinja a Oktoban 2024, wanda ke bi ta Agege da Ikeja da Oshodi har Oyingbo, ya rage mini wahala sosai, wasu odar da kaina nake kaiwa. Sitika kuma a Shomolu nake bugawa, unguwa ce guda ta masu ɗab'i.

Masu saye fa? Mutanen garin nan suna sayen kyandir mai ƙamshi don kyauta, don rabon biki, don ofis, kuma in kin faɗi farashi ba su cika ja ba matuƙar kwalin ya yi kyau. Namu na Agege da Idi-Araba da farko ja da baya suka yi. Wata dattijuwa a gidan suna ta jawo ni gefe ta ce, 'yar nan, ba kayan coci ba ne wannan? Ban ji haushi ba, don abin da ta saba gani ke nan. Na kunna mata ɗaya a ɗakin mai jego, na ce Hajiya ki ɗauke shi kasko ne marar garwashi. Yanzu jikokinta ne ke saya don jeren amare. A Kano ma Auta za ta gamu da wannan tambayar, kuma za ta gamu da wadda ta fi ta: me zai sa mace ta bar turaren wutarki, da take turara kaya da jiki da labule, ta sayi abin da ɗaki kawai yake ƙamsasawa?

Ga kuma abin da ya sa har yau ban rufe sana'ar ba. Masu kyandir a Legas sun yi yawa, kuma kusan duk ƙamshi ɗaya suke yi, banila, lemon tsami, furen kaza. Ni kuwa na tashi a ɗakin Inna, hancina ya san sandal, ya san miski da oud, ya san yadda kajiji ke kwantar da ƙamshi mai kaifi. Wata uku na yi ina haɗa mayuka ina zubarwa kafin na samu wanda in na kunna sai in ji kamar an buɗe akwatin lefe. Shi ya fi kowanne tafiya, kuma Yarabawa da Ibo ne suka fi sayensa. Maƙwabciyar da ta raka ni Ojota cewa take ƙamshin Alaja, wato Hajiya a bakinsu. Kaki da kofi da babur duk na Legas ne, amma abin da suke biyan kuɗi a kansa daga ɗakinku na zo da shi.

Don haka ki gaya wa Auta kada ta taɓa kuɗin adashenta tukuna. Zan haɗo mata kaki kilo biyu, lagwani iri uku, mai kwalba biyu da ma'aunin zafi, in ba direban da ke kawo wa Baban su Abba kaya daga kasuwar Mile 12 ta nan Legas, sikelin kicin kuwa ta saya a Sabon Gari. Ta yi guda shida kawai, ta ajiye biyu a ɗakinki, biyu a ɗakin sama, biyu ta kunna bayan sati biyu, ta rubuta abin da ta gani. Ta datse lagwani kafin kowane kunnawa, kada ta bar shi ya wuce awa huɗu, kuma don Allah nesa da labule da hannun yara.

Ke kuma Yaya, idan motar za ta juyo ki saka mini kajiji da sandal ɗan gaske, da turaren wutar nan na Maiduguri da kika ce an kawo miki, ina so in shinshina in gwada kusantarsa. In da hali a haɗo da kuka da daddawa, na nan ba su kai na gida ba. Ki gaishe da Inna, ki ce mata in Allah Ya yarda da babbar sallah muna tafe.