Kwana biyu da iyali a wani ƙaramin masauki a Argungu: sharhi a kan ɗaki da kuma tukunya

Mun daɗe muna yi wa yara alkawarin kai su Argungu, amma kullum sai wata hidima ta gitta, har sai da aka ba da hutun ƙarshen zangon farko a watan Disamba, sannan muka tsayar da magana cewa za mu tashi daga Birnin Kebbi ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, mu dawo ranar Lahadi kafin magariba. Mu shida ne a motar: ni da uwargida, da 'ya'yanmu uku, da mahaifiyata wadda muke kira Inna, wadda rabonta da garin tun ina ɗan firamare. Sharhin nan a kan masaukin da muka sauka ne, musamman ɗakin girkinsa. Ba zan ambaci sunan wurin ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma na riga na gaya wa masu shi baki da baki kafin mu taho.

Tafiyar ba ta kai awa ɗaya ba. Mun wuce Ambursa, inda filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello yake, muka miƙa cikin hazon hunturu, kuma duk inda fadama ta bayyana sai mu hangi manoma sun fara shirin noman rani, ana gyaran fangali, ana jan injinan ban ruwa. Kafin la'asar ta yi sanyi mun isa.

Wani abokin aikina ne ya ba ni lambar wayar masaukin, na kira tun ranar Talata na kama ɗakuna biyu, kuma na ji daɗi da na tarar an riƙe mana su kamar yadda aka yi alkawari, ba tare da an ƙara ko kwabo a kan abin da muka yi magana ba. Gida ne mai hawa ɗaya, da tsakar gida mai faɗi da itatuwan dogon yaro guda biyu, da wurin alwala da tabarmin salla a gefe. Zannuwan gado wankakku ne, kuma an share ɗakunan sosai. Sai dai matakalar shiga ɗakin da aka ba Inna da 'yarmu tana da tsayi ga mai ciwon gwiwa, kuma babu abin dafawa, saboda haka duk shiga da fita sai an riƙe ta. Da na yi magana, manajan ya sa aka kawo wani faffaɗan bulo aka ajiye a matsayin ƙarin mataki. Dabara ce da ta yi amfani, amma wurin da ke karɓar iyalai ya kamata ya yi tunanin tsofaffi tun wajen gini.

Abincin daren farko tuwon shinkafa ne da miyar kuka wadda aka marmasa kifi banda a ciki, aka zuba man shanu a kai. Tun lomar farko Inna ta ce wannan shinkafar gida ce, kuma sabuwa ce, domin tuwon ya yi danƙo da laushi, yana da ƙamshin da tsohuwar shinkafar buhu ba ta da shi. Ba abin mamaki ba ne a garin da fadama ta kewaye, wanda kuma tun 2017 kamfanin WACOT ya buɗe babbar masana'antar casar shinkafa a cikinsa, amma na sha cin tuwo a masaukai na jiharmu inda za ka rantse shinkafar ta shekara a sito. Miyar ba ta cika gishiri ba, daddawa ta ji, kuma an tsince ƙayar kifin da kyau, abin da ya sa uwargida ta saki jiki ta bar autanmu ya ci da kansa. Muna cikin ci mai girkin ta fito ta gaishe da Inna har ƙasa. Dattijuwa ce 'yar asalin garin, kuma da na tambaye ta ko za mu samu farfesun kifi gobe, sai ta ce da harshenta na Kabi: "Malam, kihin firij daban, na gulbi daban. Ku tahi da sahe ku sawo da kanku, in dahwa muku." Ta bayyana mana cewa haka suke yi wa baƙi, mutum ya kawo kifinsa, ya biya kuɗin kayan miya da na aikin girki kawai. Wannan tsarin shi ne abin da ya fi kowane abu daraja a masaukin, kuma shi ne dalilin da ya sa na zauna rubuta wannan sharhi.

Daren bai yi mana daɗi yadda na so ba. An ɗauke wuta bayan isha'i, aka tayar da janareta, amma aka kashe shi da sha biyun dare ba tare da an sanar da mu tun farko cewa haka ƙa'idarsu take ba. Da yake lokacin sanyi ne ba mu damu da fanka ba, sauro ne ya dame mu, domin gari ne na bakin ruwa, kuma ragar tagar ɗakinmu ta yage a gefe guda. Ɗakin Inna yana da gidan sauro, namu babu. Da asuba kuma famfo ya ƙi kawo ruwa. Ma'aikaci ya yi ta jigilar bokitai, har da ruwan zafi saboda Inna da yara, kuma ya yi haka da fara'a da ba da haƙuri, amma duk da haka wankan mutum shida da bokiti ya cinye mana kusan awa guda daga cikin safiyar da muka yi niyyar sammako. Karin kumallon da ke cikin kuɗin ɗaki kuwa shayi ne da burodi da ƙwai ɗaya, ba shi da laifi, ba shi da abin yabo. Mun ƙara da masa mai zafi daga wata mai tanda a bakin titi, wadda ta fi shi nesa ba kusa ba.

Wurin masu kifi muka fara zuwa. Yaran da suka saba ganin kifi a yanke cikin leda sun tsaya suna kallon tarwaɗa tana motsi a cikin baho, ga karfasa jere a kan buhu, ga kurungu mai ƙaya a baya, ga kuma giwan ruwa da ake yankawa gunduwa-gunduwa saboda girmansa. Inna ce ta karɓi ragamar ciniki. Ta ɗaga marfin kunnen kowane kifi ta duba ko cikin ja ne sosai, ta danna tsokar da yatsa ta ga ko za ta dawo, ta dubi idon ko yana da haske, tana yi tana koya wa babbar 'yarmu. Muka sayi tarwaɗa biyu manya da gunduwa huɗu na giwan ruwa, muka mayar masauki muka damƙa wa mai girki, sannan muka wuce Gidan Tarihi na Kanta.

Ginin ya kasance fadar Sarkin Kabi har zuwa 1942, kuma a 1958 aka mayar da shi gidan tarihi da sunan Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya kuma gina birnin Surame. A ciki akwai takubba da masu da tambura da kayan kamun kifi, akwai kuma kaburburan sarakuna, inda muka tsaya muka yi addu'a. Ɗana na tsakiya bai bar gaban kayan yaƙi ba sai da aka janye shi. Daga nan muka gangara Matan Fada, inda ake gasar kamun kifi, wadda aka faro a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, ziyarar da ta tabbatar da zumunci bayan dogon zaman gaba tsakanin Sakkwato da Kabi. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gado na duniya a 2016, kuma a 2020, da aka dawo da shi bayan kimanin shekara goma ba a yi ba, kifin da ya zo na ɗaya kilo 78 ne. Ranar da muka je babu taro, ruwan yana kwance shiru, domin ba a kamun kifi a wannan yankin sai lokacin biki. Na lura wannan shirun ya fi amfani ga yara, domin sun samu damar tsayawa a bakin ruwa Inna tana kwatanta musu yadda masunta suke rugawa da homa a hannu da gora a ƙirji idan aka ba da izini. A hanyar dawowa muka sha fura da nono wajen wata Bafulatana, furar gero ce mai citta da kanumfari, nonon kindirmo ne ba tsala ba, ta dama mana a ƙwarya mai tsabta.

Mun koma masauki da azahar da yunwa, amma abinci bai fito ba sai wajen ƙarfe uku, domin mai girkin ita kaɗai ce da yarinya ɗaya mai taya ta, ga kuma wasu baƙin. Jiran ya yi wa yara tsawo, kuma ina ganin da an faɗa mana lokaci tun da safe da mun daidaita fitarmu. To amma da aka buɗe kwanon, ƙorafin jira ya kwanta. Tarwaɗa kifi ne mai yauƙi da ƙarni, kuma wanda bai iya ba yakan ɓata shi ta hanya biyu, ko ya bar ƙarnin, ko ya dafa shi har ya dagargaje. Ita kuwa ta gaya wa uwargida cewa ruwan zafi take zuba masa yauƙin ya daskare ta kankare, sannan ta wanke da lemun tsami. Romon daban take fara dafawa, da albasa da attarugu da citta da masoro da kimba da tafarnuwa da 'yar daddawa, sai ya nuna ya haɗa jikinsa, sannan ta jera kifin a ciki ta rage wuta, kuma daga nan ludayi ba ya sake shiga tukunyar, girgiza ta kawai take yi. Ganyen ɗoɗɗoya a ƙarshe take yayyafawa. Shi ya sa kowace gunduwa ta zo mana a tsaye, fatarta ba ta saɓule ba, romon kuma ba ruwa-ruwa ba ne, yana da nauyi a harshe, yajin yana ɗumama maƙogwaro ba tare da ya hana ka jin zaƙin kifin ba. Ta ware wa yara nasu a ƙaramar tukunya kafin ta ƙara attarugu, kuma ba mu ne muka roƙa ba, ita ta lura da shekarunsu tun daren jiya. Irin wannan kula ba a rubuta ta a takardar farashi.

Giwan ruwan kuwa soya shi ta yi sama-sama bayan ta jiƙa shi da kayan ƙamshi, ta haɗo da yankakkiyar albasa da tumatir da garin yaji. Tsokarsa fara ce, mai kauri, tana ɓarewa falle-falle, kuma ba shi da ƙananan ƙayoyi, don haka shi ne ya fi dacewa da tsofaffi da yara. Inna, wadda cin abincinta ya ragu a 'yan watannin nan har muna damuwa, ta cinye gunduwa guda ta kuma sha romo kofi biyu. Ni a wurina wannan kaɗai ya biya kuɗin man mota.

Da dare ba mu nemi abu mai nauyi ba. Mai girki ta kawo mana hoce da datun zogale, wato kwaɗon da aka yi da ƙuli-ƙuli, kyauta daga gidanta don Inna ta ambaci cewa ta daɗe ba ta ci ba. Yara ba su saba da hoce ba, sun ɗanɗana sun bar mana, muka sayo musu tsire a waje, wanda bai wuce matsakaici ba, ƙulinsa ya fi namansa yawa. Kafin mu kwanta an toshe ragar tagar, an kuma kawo maganin sauro, ruwa ma ya dawo tun la'asar bayan an gyara injin rijiyar burtsatse. Na yaba da saurin gyaran, ko da yake abubuwa ne da ya kamata a duba kafin baƙo ya iso.

Idan aka zo batun kuɗi, abin da na biya na ɗakuna biyu kwana biyu bai kai abin da na taɓa biya na ɗaki ɗaya a Abuja na irin wannan kwanakin ba, kuɗin girki kuma bai kai rabin kuɗin kifin ba. Ɗakunan sun yi daidai da kuɗinsu, ba su wuce haka ba, kuma wanda ba zai iya kwana babu wuta ba ya nemi wani wuri. Girkin ne ya wuce kuɗinsa. Mai shirin zuwa Argungu da iyali, kowane masauki zai sauka, ya tambaya tun a waya ko suna dafa wa baƙo kifin da ya sayo, da lokacin da suke kashe janareta, ya kuma riƙo gidan sauro ko da lokacin sanyi ne. Idan kuma lokacin bikin kamun kifi ne, sai ya kama ɗaki tun da sauran makonni, domin garin cika yake yi.

Ranar Lahadi da hantsi mai girki ta yi mana dafa-duka da banda da man shanu, ta kuma raka uwargida wajen wata mai banda da ta yarda da ita, aka zaɓo mana busasshe sosai wanda ba ya da ƙwari, aka naɗe a takarda. Muka sayi rabin buhun shinkafar gida muka sa a bayan mota. Da za mu tashi Inna ta kira ta gefe ta sa mata albarka, ta ce mata: "'Yata, in Allah Ya kai mu bayan salla, giwan ruwa zan sake kawo miki, amma wannan karon farfesu za ki yi mini da shi." Mun isa Birnin Kebbi ana kiran la'asar.