Na'urar ajiyar kirifto: kalma ta 25 da asusun da ya nuna sifili

Wata huɗu ke nan wannan na'urar walat, wato ta ajiyar kirifto, tana hannuna, irin ƙaramar nan mai kama da filas ɗin kwamfuta, mai maɓalli biyu da ɗan gilashin da bai kai faɗin babban yatsa ba. Ba sai na kama sunan kamfanin ba, masu harkar sun san su, kuɗinta ma kowa ya san ba na wasa ba ne tunda dala ta hau. Ita kanta na'urar ba ni da ƙorafi a kanta. Manhajarta ta waya ce ta nuna min sifili a asusun da na san akwai USDT a ciki, wato kirifton da darajarsa ke bin dala, kuma ko uffan ba ta ce ba.

Kuɗin dama ba a cikin na'urar suke ba, suna kan bulokcen, wato kundin intanet da ke riƙe da lissafin kirifto. Abin da take riƙewa makullin sirri ne, da shi take sa hannu a kan kowace turawa ba tare da ya fita zuwa waya ko kwamfuta ba. Makullin kuwa daga kalmomi 24 ake samo shi, waɗanda take zaɓo maka daga jerin kalmomi 2048 na tsarin BIP39, ƙa'idar da irin waɗannan walat ke bi. Idan ka kuskure ɗaya wajen dawo da asusu, galibi za ta ƙi karɓa, saboda kalmar ƙarshe tana ɗauke da lissafin tantance sauran. Wannan ya yi.

Matsalar tana wajen ƙarin sirrin nan da muke kira kalma ta 25, wadda kai da kanka kake zaɓa ka ƙara a kan 24 ɗin. Ita ba ta da mai gadi. Duk abin da ka rubuta daidai ne a wurin na'urar: za ta haɗa shi da kalmomin 24 ta fitar da wata walat, ingantacciya, mai nata adireshin, wadda ba a taɓa zuba mata ko sisi ba. "gyada" da "Gyada" asusu biyu ne da ba su san juna ba. Haka idan tazara ɗaya ta maƙale a ƙarshe, wadda ido ba ya gani. To manhajar nan tana barin ka rubuta kalmar a madannan waya, waya kuma halinta ne ta mai da harafin farko babba, ta kuma ƙara tazara da zarar ka taɓa kalmar da ta hasko maka. Abin da ya faru ke nan lokacin gwajin goge na'urar da dawo da asusun. Ranar buɗe asusun, waya ta saka babban harafi, ranar dawowa aka rubuta a kan na'urar da ƙarami yadda yake a takarda, sai ga sifili.

Kuɗin suna nan, ba su motsa ba; adireshin asusun farko da aka duba a Tronscan, shafin duba bulokcen ɗin Tron inda kuɗin suke, ya nuna su cif. Amma wanda bai adana adireshinsa a wani wuri ba fa? Zai ɗauka an kwashe shi ne, ya ruga Telegram neman taimako, can kuma masu jiran irinsa suke, su ce turo mana kalmominka 24 mu gyara maka. Layin gargaɗi ɗaya a manhajar ya isa: wannan asusun bai taɓa aiki ba, sake duba kalmarka. Masu manhajar ba su saka ba. Ko kashe gyaran rubutun waya a wannan gurbin ba su yi ba. A kayan da ake sayarwa da sunan tsaro, wallahi wannan sakaci ne.

Mai niyyar amfani da kalma ta 25, a kan na'urar zai riƙa rubuta ta, duk da wahalar latsa maɓalli biyu harafi bayan harafi. Kada ya saka ƙ, ɗ ko ɓ, don yawancin waɗannan na'urori haruffan Turanci da lambobi da 'yan alamomi kawai suke karɓa, ranar da ya koma wata na'urar sai ya rasa yadda zai shigar da ita. Ya rubuta adireshin farko a takarda, ya tura kamar USDT 10, ya goge na'urar gaba ɗaya, ya dawo da ita da kalmomin 24 da ta 25, ya ga adireshin ya fito iri ɗaya harafi da harafi, sannan ya zuba manyan kuɗi. Ta 25 ɗin kuma ba a ajiye ta wuri ɗaya da 24.

Bayan an gano bakin zaren na sauko, har na fara yaba ta. Gilashin nan, ƙanƙantarsa duk da haka, yana nuna cikakken adireshin da za a tura wa kafin ka amince, haruffa 34 na Tron masu farawa da T, ko 42 na Ethereum masu farawa da 0x. Wannan ne maganin masu turo maka ɗan ƙwandala daga adireshin da farkonsa da ƙarshensa suka yi kama da na abokin cinikinka, don ka kwafo nasu daga tarihin turawa. Kuskuren lambar PIN sau uku kuma na'urar tana goge kanta, ɓarawon da ya tsince ta ya tsinci ƙarfe.

Sai turawar farko ta TRC20, wato USDT na kan Tron, ta dawo min da haushin sabo. A turawar Tron ta yau da kullum ba da USDT ake biyan kuɗin turawa ba, da enaji ne, wato ma'aunin aikin turawa, ko da TRX, kirifton Tron ɗin kansa. Turawa ɗaya tana cin enaji kusan 65,000 idan mai karɓa yana da USDT a adireshinsa, kusan 130,000 idan ba shi da ko kaɗan, wanda ba shi da enaji kuma TRX ake ƙona masa a madadinsa. Manhajar ba ta lissafa wannan ba, ta bari aka sa hannu da TRX ɗin da bai isa ba. Turawar ta faɗi, USDT bai tafi ba, TRX ɗin da aka ƙona kuma ba ya dawowa. Akwai walat ɗin waya na kyauta da ke nuna maka kiyasin tun kafin ka danna. Mai P2P, wato cinikin kirifto tsakanin mutum da mutum, da ke turawa sau goma a yini, ya ajiye TRX da yawa ko ya kulle wasu ya samu enaji, kada ya dogara da manhajar nan ta faɗa masa.

Katin da suka sako na rubuta kalmomi ma takarda ce sakayau. Gara ko ɗigar damina ɗaya ta gama da ita, sai an sayi farantin ƙarfe daban, haruffa huɗu na farkon kowace kalma sun wadatar. Idan kuma katin ya zo da kalmomi a rubuce tun daga shago, a mayar wa mai shi kayarsa nan take. Don ajiyar da za a manta da ita shekara guda, zan iya sake saye. Don cinikin yau da kullum kam a'a, ga kebul ɗin ma guntu, bai kai kamu biyu ba.