Hattara da masu sauya kayan waya da sunan gyara a Sakkwato

Jama'ar Sakkwato, akwai wata cuta da ta yi yawa wurin wasu masu gyaran waya, kuma mata da dattawa ne suka fi faɗawa ciki. Akwai masu gyara na Allah da suke cin halal ɗinsu, ba da su nake ba.

Ga yadda abin yake tafiya. Za ka kai waya ba ta ɗaukar caji, injiniya ya juya ta ya ce ƙaramin aiki ne, bakin caji kawai za a sauya, ka dawo bayan La'asar. Da ka dawo sai ka tarar an kwance ta gaba ɗaya, labari ya sauya: wai IC, wato ɗaya daga ƙananan na'urorin cikin waya, ta ƙone, ko ruwa ya shiga bodi, wato allon injin waya da ke ciki. Kuɗin da aka ce naira 3,000 ya koma 25,000. In ka ce a ba ka abarka ka fasa, sai a ce akwai kuɗin dubawa, kuma ba za a haɗa ta ba sai ka biya. To wa zai ɗauki waya a buɗe cikin leda ya tafi gida?

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne sauya kaya. Ƙanwata da ke Mabera ta kai wayarta saboda sifika kawai, sikirin lafiya lau. Da ta karɓo, hasken fuskar ya dushe, wurin ɗora yatsa na cikin sikirin ya daina buɗe wayar. An cire sikirin na asali an sa mata kwafi, domin irin wannan na'urar karanta yatsa ba ta aiki da sikirin LCD mai araha. Da ta koma, amsar da ta samu ita ce: "Wallahi Hajiya, hakanan kinka kawo ta." Ba rasit, ba shaida, kuma yaran shagon duk bakinsu ɗaya. Haka suke yi da batir. Sun san zafin garin nan yana kumbura batir, don haka in tsohon da suka sa maka ya lalace bayan sati biyu, rana za ka zarga.

Kafin waya ta bar hannunka, ka danna *#06#, lambar shaidar wayar, wato IMEI mai lamba 15, za ta fito, ka rubuta ta. In an sauya maka bodi, lambar za ta bambanta. Ka ari wayar wani ka ɗauki bidiyon taka a gaban mai gyaran tana kunne, sikirin da kyamara da komai, yana gani. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba. A rubuta kuɗin aiki da abin da za a gyara a takarda, ka kuma faɗa masa ƙarara cewa in ya buɗe ya ga wata matsala, ya kira ka kafin ya taɓa. Duk abin da aka cire, a ba ka tsohon a hannu.

Sai maganar layi. Don Allah ka cire SIM da memori, kada ka ba da lambar buɗe waya sai in kana tsaye a wurin. Da layinka kaɗai ana iya taɓa asusun bankinka ta USSD, wato lambobin nan masu * da # da ake dannawa a tura kuɗi, ban da hotunan iyali da ke ciki.

In rigima ta riga ta faru, kada ka yarda da "ƙaddara ce". A fiƙihun Malikiyya da muke bi, mai sana'a yana lamunin kayan da aka bar masa suka lalace ko suka ɓata a hannunsa, sai in ya kawo shaidar cewa ba sakacinsa ba ne. Ka fara da shugabannin ƙungiyar masu gyara na wurin, galibi suna iya tilasta ɗansu ya biya don kare sunan kasuwa. In hakan bai yi ba, ka kai ƙara ofishin 'yan sanda mafi kusa da bidiyonka da lambar IMEI, ko ka shigar da koke ga FCCPC, hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye, wadda ke karɓar ƙorafi ta intanet.