Albion Online a waya daga Jos: kasuwarsa ta yi, amma hanyarsa ba ta san halin netwok ɗinmu ba

Idan tambayarka ita ce ko Albion Online ya cancanci ka ba shi wuri a wayarka, amsata e, matuƙar ba ka cikin masu jifa da waya idan rai ya ɓaci. Na daɗe ina buga shi, yawanci da daddare bayan na rufe shago a Bauchi Road, kuma har yau ban ga gem ɗin da ya sa ni lissafin riba da faɗuwa kamarsa ba. Sai dai akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da tsarinsa, kuma shi ya sa na zauna rubuta wannan.

Kamfanin Sandbox Interactive da ke birnin Berlin na Jamus ne ya fitar da shi a 2017, ya mayar da shi kyauta a 2019, sannan ya iso wayoyin hannu a 2021. Irin wasannin nan ne da dubban mutane ke shiga duniya guda a lokaci guda. Ba a tilasta maka zaɓar sana'a tun farko. Kayan da ka sa su ne kai: ka ɗauki kwari da baka ka zama maharbi, gobe ka ajiye ka ɗauki sandar warkarwa ka koma mai jinyar 'yan ƙungiya. Zanensa ba wani abin a zo a gani ba ne, daga sama kake hango ɗan mutuminka, amma hakan ne ya sa matsakaiciyar waya ke iya ɗaukarsa.

Inda ya kama ni shi ne kasuwa. Kusan duk takobi, sulke da takalmin da ke yawo a duniyar nan wani ɗan wasa ne ya ƙera shi, daga itace, fata, zare, dutse ko ƙarfen da wani ɗan wasan ya samo. Kayan sun kasu hawa-hawa har takwas bisa ingancinsu, kuma ma'adinin hawa na uku kuza ce. Ranar da na gane haka sai da na yi dariya ni kaɗai: Jos, garin da ya tashi a kan haƙar kuza, ga jikansa ya kwanta a katifa yana haƙar ta a waya. Kowane birni da kasuwarsa, farashin Martlock daban da na Lymhurst, kuma abin da ka ajiye a wani gari ba zai biyo ka wani garin ba. Da gangan suka raba wurin samun kaya da wurin da sarrafa shi ya fi riba. Ƙarfe ya fi yawa a duwatsun Fort Sterling, amma narka shi ya fi lada a Thetford. Dole wani ya yi lodi a takarkari ya kama hanya. Fatauci ne sak irin na fataken da, har da madugu da 'yan rakiya da 'yan fashi a dawa.

'Yan fashin nan su ne tushen rigimar. Taswirar launi huɗu ce. A shuɗi babu mai taɓa ka. A ruwan ɗorawa za a iya kayar da kai amma kayanka na nan. A ja da baƙi kuwa, wanda ya kashe ka zai kwashe duk abin da ke jikinka da jakarka, wani kaso kuma ya lalace ya zama tarkace. Birnin Caerleon, inda baƙar kasuwar da ke sayen makamai da tsada take, yana tsakiyar yankunan ja. Kana son ribar, sai ka bi ta cikin ƙaya.

Wannan gardama ta girmi yawancin masu buga gem ɗin. Ultima Online, wanda ya fito a 1997, haka ya faro, kowa na iya kashe kowa ya kwashe kayansa. Sababbi suka yi ta kuka, sai a shekarar 2000 aka raba duniyar biyu, Felucca mai haɗari da Trammel mai kwanciyar hankali, kuma yawancin jama'a suka tattara suka koma Trammel. Da World of Warcraft ya zo a 2004 sai ya ɗauki darasin: ka mutu, ka tashi, ka biya kuɗin gyara, kayanka na jikinka. Kusan duk manyan da suka biyo baya wannan turbar suka bi. Albion da EVE Online na ƙasar Iceland suna cikin 'yan tsirarun da suka ƙi.

Ni dai ina bayan Albion a nan. Idan takobi ba ya ɓata, maƙeri zai ƙera ɗaya ya rufe maƙera. Asarar wancan ita ce cinikin wannan, kuma shi ya sa sabon shiga mai saran itacen hawa na huɗu yake samun mai saye kullum. Duk wanda ya ce a cire kwasar kaya a bar kasuwar yadda take bai fahimci abin da ke juya kasuwar ba.

Amma wanda ya tsara wannan doka ya ɗauka duk wanda ya faɗi a fagen fama, fin ƙarfinsa aka yi ko fin wayonsa. Bai sa mai zaune a Unguwar Rogo a lissafi ba. Wani dare na yi lodin fatu da sulkuna, jarin da na daɗe ina tarawa, na doshi Caerleon. Ƙanena na gefe yana leƙen allon. Saura taswira ɗaya in shiga gari sai takarkarina ya tsaya cik yana taka wuri guda, alamar netwok ta koma ja. Yaron ya ce, “Yaya, tashi ka je bakin taga!” Na tashi, na ɗaga waya sama kamar mai neman wata. Da layin ya dawo, ga ni tsaye a gari ba ko takalmi. Ban ga wanda ya kashe ni ba, ban ma san su nawa ba ne. A Albion idan layinka ya yanke, mutuminka ba ya ɓacewa nan take, yana nan tsaye a fili na ɗan lokaci. Na san dalili: in ba haka ba, duk wanda ya ga zai mutu sai ya kashe data ya tsira. Dalilin na da ƙarfi, amma mu ne ke biyan kuɗinsa. Ko a watan Maris na 2024, lokacin da igiyoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Kwaddebuwa, masu hankali cikinmu ba su fita daga shuɗin yanki ba sai da abubuwa suka daidaita.

An ɗan sami sauƙi ta wani ɓangaren. Da can saba, wato babbar kwamfutar da duk 'yan wasa ke haɗuwa a kanta, ɗaya ce tak, a Washington ta Amurka. An buɗe ta Asiya a Singafo a 2023, sai ta Turai a Amsterdam a watan Afrilun 2024. Babu ta Afirka. Ta Turai ce tamu: jinkirin da ke tsakanin danna maɓalli da motsin mutuminka ya ragu sosai, kuma agogonmu kusan ɗaya ne da nasu, don haka manyan yaƙe-yaƙen ƙungiyoyi sukan faɗo da dare tun ido bai yi nauyi ba, ba ƙarfe biyu ko uku na dare ba kamar a sabar Amurka. In za ka fara yau, ka duba da kyau kafin ka zaɓa, domin abin da ka tara a wata saba ba ya ƙaura zuwa wata.

Sai batun kuɗi, wanda ba a rabuwa da shi a zauren hirar ƙungiyarmu. Akwai rajistar firimiyam ta wata-wata da ke ƙara maka kashi 50 cikin ɗari na ci gaba da na abin da ka haƙo, ta kuma rage harajin kasuwa zuwa rabi. Ana iya biyanta da dala, ana kuma iya biyanta da azurfa, wato kuɗin cikin gem. Mai kuɗi na iya sayen zinariyar gem da kuɗin gaske ya canza ta azurfa ya sayi sulken hawa na takwas a ranarsa ta farko. Wasu na cewa wannan sayen nasara ne. Ban yarda gaba ɗaya ba, domin na sha ganin irinsu sun fita baƙin yanki da kayan ƙawa, 'yan mintoci kaɗan kayan sun koma jikin wasu matasa uku masu arahar sulke. Abin da kuɗi ke saya shi ne lokaci da rashin fargabar asara. Shi ya faɗi ya sake saye, kai ka faɗi ka koma saran itace. Tun da aka saki darajar naira a Yunin 2023, ga kuma ƙarin kuɗin kira da data na kashi 50 da hukumar NCC ta amince da shi a Janairun 2025, biyan firimiyam da dala ya fita daga lissafin yawancinmu. Da azurfa muke biya, wato kwanakin farko na kowane wata aikin biyan haya muke yi.

Yayin da ake ciki yanzu shi ne sauƙaƙa wa mai son buga wasan taro shi kaɗai. World of Warcraft ya kawo tsarin haɗa ka da baƙi kai tsaye a 2009, Final Fantasy XIV kuma yana barin mutum ya shiga kurkukun dodanni da abokan da kwamfuta ke sarrafawa. Tsofaffin 'yan wasa na ƙorafin an kashe zumunci, kuma kewar tsohon yayi ce ta sa aka dawo da tsohon salon World of Warcraft da sunan WoW Classic a 2019. Albion ma ya bi sahu da yankin hazo da ya ƙara a 2022, inda ake shiga mutum ɗaya ko biyu. Ban ga laifinsa ba. Mai shago da iyali ba kullum yake da awa uku ta jiran mutum ashirin su taru a manhajar hira ta Discord ba.

Abin da har yanzu ban gamsu da shi ba shi ne haɗa mai waya da mai kwamfuta a fage guda. A kasuwa da gona da haƙar ma'adini babu bambanci, har ma waya ta fi daɗi. A faɗa kuwa, mai linzami da allon madannai ya fi mai babban yatsa biyu saurin saiti, kuma idan yaƙi ya kai mutum ɗari wayata kan yi zafi, hoton ya riƙa tsalle, ko da a sanyin Jos na watan Disamba. Shugaban ƙungiyarmu, wani Bature mai haƙuri, ya lura da haka ya mayar da ni mai leƙen asiri: in tsaya a bakin taswira a kan doki mai gudu, da kaya marasa tsada, in riƙa faɗin adadin abokan gaba da inda suka nufa. Wannan aikin waya na iya masa, in dai ba a ɗauke wuta da cajina a ƙasa ba.